Jiragen haya na Fatakwal zuwa Bonny: wanda zan sake shiga da wanda ba zan sake ba

Sau huɗu na ƙetare ruwan da ke tsakanin Fatakwal da tsibirin Bonny a daminar 2023. Uku daga ciki a jirgin mutum ɗaya na yi su, ɗayar kuwa a wani jirgi ne da har yau in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Kuɗin da na biya a jiragen biyu kuwa kusan ɗaya ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Yaranmu da yawa suna neman abinci a can yanzu, iyaye kuma ba za su daina zuwa suna da dubiya ba, alhali wanda ya tsaya a bakin ruwan nan a karon farko ba shi da yadda zai bambance jirgin kirki da na banza. Fentinsu iri ɗaya ne, yaran da ke kiran fasinja ma murya ɗaya suke yi.

Ni ungozoma ce, shekara 31 na yi a asibiti kafin in yi ritaya a Gusau. 'Yar ƙanena ce ta haihu, haihuwar fari. A al'ada gida za ta dawo goyon ciki, amma jininta ya hau a watannin ƙarshe, likita ya hana ta doguwar tafiya, sai dangi suka ce gwaggo ta je ta zauna da ita har a yi arba'in. Mijinta mai walda ne, yana ƙarƙashin wani ɗan kwangila a sabon ginin da kamfanin gas ke yi a tsibirin. Na haɗa garin kunu, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin jego da man shanu a galan, muka kwana muka wuni a mota, angon ƙarni ya tarye ni a Fatakwal da sassafe.

Tashar da ya kai ni tana cikin tsohon gari, bayan masu sayar da kifi. Nan zan fara faɗin abin da bai yi mini daɗi ba. Rumfar jira ƙarama ce, ruwan sama yana shigowa ta gefe, wurin alwala babu, bayan gida kuma gara mutum ya kammala uzurinsa tun daga masauki. Kuɗin kaya ba shi da tsayayyen farashi, ido ake kallo. Da ni kaɗai ce da na biya ninki, domin abin da aka fara gaya mini da abin da surukina ya biya bayan ya yi magana da su cikin irin Turancinsu ba su yi kama da juna ba. Kuɗin kujera kuwa ban ga amfanin rubuta shi ba, don a cikin kwana arba'in sau biyu ya tashi. An cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na shekarar, zuwa Yuli lita ta haura naira 600, injinan jiragen nan kuma mai suke sha kamar ruwa. Ban zargi masu jirgi a kan wannan ba.

Abu ɗaya da na yaba tun daga teburin tikiti shi ne rajista. Ana rubuta sunan kowane fasinja da lambar wani nasa. Wasu na ta tsaki wai ɓata lokaci ne. Duk wanda ya yi aikin asibiti ya san amfanin wannan takarda ranar da aka kawo mutane babu mai iya faɗin sunansa.

Surukina ya bar jirage biyu suka cika suka tashi a gabanmu. Na ce masa rana tana yi. Ya ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, akwai wanda nake jira." Wanda yake jiran wani dattijo ne baƙi siriri, ɗan asalin tsibirin, gemunsa ya fara furfura. Jirginsa irin na kowa ne, buɗaɗɗen jirgin roba mai benci-benci, sai dai inji biyu ne a bayansa, ba ɗaya ba. Kafin kowa ya taka ciki shi da kansa ya raba rigunan ruwa, yana jan igiyar kowace ɗaya yana gwada maɓallinta. Da ya zo kaina ya ɗaure mini, ya kama kafaɗun rigar ya ja sama, ya ga ta zame har kunnena, ya cire ya kawo wata. Da 'yar Hausar da ya tsinta wajen 'yan kasuwa ya ce, "Mama, zauna baya." Na ɗauka gaba ne wurin manya. Ashe gaban jirgi shi ke ɗagawa yana dukan ruwa, wanda ya zauna can kwankwasonsa ne zai gaya masa. Baya kusa da direba ne wurin tsofaffi da masu ciki. Bencin mutum huɗu, mutum huɗu ya zaunar. Wani saurayi ya zo da gudu yana roƙo a matsa masa, ya ce ya jira na gaba. Na karanta addu'ar shiga jirgi, muka tashi.

Minti goma ba a yi ba gari ya ɓace, muka shiga wata duniya da ban taɓa sanin akwai ta a ƙasar nan ba. Mu fadama muka sani, wadda ruwa ke kwanciya da damina ya janye da rani a shuka albasa. Wannan fadamar ruwan gishiri ce, kuma cikarta da janyewarta ba shekara suke jira ba, sau biyu ake yi kowace rana. Wata ne ke jan ruwan teku ya turo shi cikin rafuka, bayan kamar awa shida ya koma, kuma kullum lokacin yana ja baya da kusan minti 50. Ranar tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Ni da na saba duban wata don azumi da salla, sai ga mutanen da ke dubansa don sanin sa'ar fita neman abinci.

Mun tashi ruwa yana janye. Itatuwan da suke kira angala sun tsaya a kan saiwoyinsu kamar masu tafiya a kan sanduna, saiwar ta fito daga jikin itacen sama da tsayin mutum ta lanƙwaso ta soki laka. Lakar baƙa ce wuluk, tana sheƙi, tana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai saboda babu iska a cikinta, shi ya sa ma itacen ke shaƙar iska ta saiwoyin da ke waje. A kanta ƙaguwa ce birjik, da wasu ƙananan kifaye masu idanu a saman kai da ke tsalle a tudu kamar kwaɗi. Na ga mata a ƙananan kwale-kwale sun shiga laka har cinya suna tsintar ƙananan dodon koɗi a bokiti. Daga baya na gan su a kasuwa ana aunawa da gwangwani, na kuma ga ɓawonsu an zuba a tsakar gidaje a madadin tsakuwa, don tsibirin ba shi da dutse.

A wasu wurare angalar ta ƙare, sai wani irin gajeren kaba mai ganye kamar na kwakwa ya cike gaɓa. Da dattijon ya ga ina kallo sai ya girgiza kai ya ce wannan baƙo ne. Gaskiyarsa. Turawa ne suka kawo shi Kalaba daga Singafo a 1906, ya bi ruwa ya bazu, yana kore angala a duk inda aka sare ta. Masunta ba sa ƙaunarsa, domin a cikin saiwoyin angala ne kifi ke ƙyanƙyasa, dodon koɗi ke maƙalewa. Akwai kuma inda babu angalar babu kaban, sai kututture baƙaƙe a tsaye, gefen ruwan yana walƙiyar mai. A nan ba wanda ya yi magana. Kowa a yankin ya san labarin malalar man da aka yi a garin Bodo na ƙasar Ogoni a 2008, wadda shari'arta ta kai har Landan. Ni a rediyo na ji shi a lokacin. Da na ga mataccen dajin da idona sai na gane cewa gonar mutane ce ta ƙone.

Duk wannan kallon na samu yinsa ne saboda yadda mutumin ke tuƙi. In ya hango kwale-kwalen mata daga nesa sai ya rage wuta, ya wuce su a hankali don kada igiyar ruwansa ta kife su, su ɗaga masa hannu. A kwana ba ya yanke hanya. Ya san inda yashi ya taru a ƙarƙashi, yana zagaye wurin da ni ban ga komai ba sai ruwa. Da muka doso shingen jami'an tsaro, wani gida ne a kan ruwa, ya ce kowa ya ɗaga hannu sama. Haka ake yi a hanyar saboda 'yan fashin ruwa da suka sha tare fasinjoji suna ƙwace injina. Ya dube ni ya ce in ɗaga iya yadda kafaɗata za ta iya. Aka leƙa mu, aka ce mu wuce.

Daga nan rafi ya buɗe ya zama kogi mai faɗin da gaɓa ɗaya ba ta ganin ɗaya sosai. Wannan ce hanyar manyan jiragen da ke shiga tashar Onne da ta Fatakwal. Wani jirgin kwantena ya gifta, tsayinsa kamar unguwa guda, ya bar mana igiyoyin ruwa suna tahowa kamar kunyoyin gona. Cikina ya ɗuri ruwa. Dattijon ya sassauta inji, ya karkata hancin jirgi ya tare su a kaikaice, muka hau ɗaya muka sauka, muka hau ta biyu, ta uku, ko ɗigo bai shigo ba. Sannan ya mayar da wuta. Wata mata a gabana ta juyo ta ce mini shekara da shekaru ba ta shiga jirgin kowa sai nasa.

Bonny daga ruwa ake fara ganinta, kuma ba gari ake fara gani ba. Manyan tankuna ne farare, da bututu a harɗe, da harshen wuta a saman wani dogon ƙarfe, da jirgi mai ƙusoshin tankuna a bayansa yana shan kaya. Surukina ya yi ta nuna mini yana bayani da alfahari. Iskar gas ake turowa ta bututu daga rijiyoyi, a sanyaya ta har digiri 162 ƙasa da sifili, sai ta zama ruwa, girmanta ya ragu sau 600, a ɗura a jirgi. Jirgin farko ya tashi a watan Oktoba na 1999 ya nufi Faransa. A lokacin sassa shida na masana'antar ne ke aiki, suna iya fitar da tan miliyan 22 a shekara, na bakwai kuma shi ne wanda suke ginawa, wanda zai kai abin miliyan 30. Kamfanin mai na ƙasa ke da kashi 49 cikin ɗari na kamfanin gas ɗin, wato NLNG, sauran na Shell da Total da Eni ne. A gefe kuma ga tashar ɗanyen mai, wadda daga sunan garin ne man Najeriya da ake kira Bonny Light ya samo sunansa. Na dubi wannan dukiya, na dubi bencin katakon da nake zaune a kai. Kamfanin yana da nasa manyan jirage masu rufi da ke jigilar ma'aikatansa. Ɗan kwangila da gwaggon matarsa da mai sayar da tumatir kuwa, buɗaɗɗen jirgi ne hanyarsu a wancan lokacin. A lokacin ana aikin titi daga Bodo zuwa tsibirin, mai tsawon sama da kilomita 30 da gadoji a kan rafuka, wanda aka ƙaddamar a 2017, amma lokacin da na je bai kammalu ba. Awa ɗaya da 'yan mintuna muka yi muka sauka.

Garin kansa ƙarami ne, babur da keke mai ƙafa uku sun isa su zagaya da mutum. Abin da ya fara ba ni mamaki wuta ce. A kwana arba'in ɗin da na yi, ɗaukewar da aka yi ba ta fi a ƙirga da yatsun hannu ba, firji yana aiki dare da rana. Abin da ya biyo baya tsada ce. A lokacin duk abin da ba kifi ba ne sai ya hau ruwa kafin ya iso, tun daga albasa har siminti. 'Yan uwanmu ne ke riƙe da kayan gwari da nama da shayi, suna da masallacinsu, kuma su suka kawo mana ragon suna. Daga Arewa ya zo a tirela, aka sa shi a babban jirgin katako na kaya, wanda ke tafiyar hawainiya ya yi rabin wuni a hanya. Ragon ya sauka yana tangaɗi, sai da ya kwana biyu kafin ya karɓi dusa. Ruwan sama kuwa ba a magana. Abin da ke zuba a Bonny a shekara ya haura milimita 4,000, mu a Gusau da ƙyar muke ganin 1,000. Tsumman jariri a ɗaki muke shanya su a gaban fanka. Ruwan wankan jego a kan gas nake dafa shi, kuma ban bari ya kai zafin da iyayenmu ke so ba. Kunun kanwa ma na hana, don na ga matan da zuciyarsu ta kumbura bayan haihuwa a sanadinsa, balle wadda jininta ya riga ya hau.

Mutanen garin Ibani ne, sarkinsu ana ce masa Amanyanabo, gidan sarautar Pepple. Tsohon gari ne da ya ga cinikin bayi, ya ga na manja, kafin mai da gas. Daga nan Sarki Jaja ya fita bayan yaƙin 1869 ya je ya kafa masarautar Opobo. Wata maƙwabciyarmu ta kai ni na ga majami'ar Saint Stephen daga waje, ta kuma kawo wa mai jego miyar kifi da jatan lande da ƙaguwa, wadda sai da na tabbatar da abin da ke ciki sannan muka ci, muka kuma nemi ƙari. Ranar wata Lahadi surukina ya kai ni gandun dajin Finima, kadada kusan 1,000 da kamfanin gas ya keɓe. Akwai birai, akwai ƙasusuwan wani ƙaton kifin teku irin masu shayar da 'ya'yansu nono, haƙarƙarinsa ɗaya ya fi ni tsayi. Wanda ya je garin ya ware masa rabin yini.

Bayan suna da kwana biyu na raka uwar mai jego Fatakwal za ta koma gida, don tsoron ruwa take yi ƙwarai. Da dattijon muka tafi, lafiya lau. Motarsu ba ta tashi da wuri ba, na tsaya sai da na ga tafiyarta, kafin in dawo bakin ruwa la'asar ta yi sanyi. Dattijon ya riga ya yi sahunsa na ƙarshe ya tafi. Surukina ya kira ya ce, "Gwaggo, don Allah ku kwana a gidan abokina, gobe ku taho." Na ƙi, saboda wankan yamma da kuma jaririn da cibiyarsa ba ta gama warkewa ba. Wannan shawarar tawa ce, kuma ba daidai ba ce.

Jirgin da na samu shi ne na ƙarshe. Yaro ne ke tuƙi, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, inji ɗaya. Ba a rubuta sunan kowa ba. Rigunan ruwa a jibge suke a ƙasan jirgi cikin ruwan datti, kowa ya ɗauki wadda hannunsa ya kai. Tawa maɓallinta ya karye, soson ciki ya marmashe ya taru a gefe ɗaya, sai ɗaure igiyar na yi da hannu. Bencin mutum huɗu aka cusa mana shida, aka jera jarkoki da buhunan garin rogo a tsakanin ƙafafu, har bakin jirgin ya kusa shafar ruwa. Wata mata tana rungume da yaro ɗan shekara uku, babu riga a jikinsa. Na yi magana. Mai lodin ya ce in ban so in sauka, kuɗi kuma ba a mayarwa. Na zauna.

Tun daga tashi ya murɗe wuta har ƙarshe, wai yana tseren duhu, domin doka ta hana tafiyar dare. Ya wuce wani tsoho a kwale-kwale da gudun da sai da tsohon ya kwanta ya riƙe gefe biyu. Muna fita babban kogi hadari ya haɗo daga teku, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Aka jawo tamfol aka lulluɓe mu gaba ɗaya, na gefe suna riƙe da bakinsa. Wannan al'adar tamfol kowane jirgi yana yinta, amma a jirgin da aka yi wa lodin wuce kima tarko ne, don in ya kife a cikin buhu mutane za su tsinci kansu. Na fitar da kaina waje, na gwammace dukan ruwa. Shi ya sa na ga lokacin da injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa a kan tamfol. Jirgi ya juya ya ba igiyar ruwa gefensa, kowace ta zo sai ta zubo mana kaɗan. Yaron jirgi yana kwarfewa da yankakkiyar jarka. Direban ya buɗe murfin inji yana ja yana zagi. Ruwa ne ya shiga mai, kuma ba shi da ko fulogi ɗaya na canji, ba shi da tocila, wayarsa ba caji. Can nesa fitilun wani babban jirgi suna matsowa, mu kuwa ruwa yana jan mu zuwa hanyarsa. Abin da ya zo mini a rai Patigi ne, inda wata biyu kacal kafin nan mutum sama da 100 suka halaka a kogin Kwara suna dawowa daga biki, da Warrah ta jihar Kebbi a 2021. Kullum in aka ba da labari sai a ce lodi ya yi yawa, babu rigunan ruwa, dare ya yi. Ga ni zaune a cikin dukkan ukun. Matar da ke gefena ta kama hannuna tana addu'a da yarensu, ina yin tawa, na jawo yaron nan muka sa shi a tsakaninmu.

Wani jirgi da ya sauke fasinja yana komawa gida ne ya ji ihunmu. Ya jefo igiya ya ja mu zuwa bakin angala, ya ba da mai mai kyau da fulogi. Sai bayan magariba muka isa, surukina yana tsaye a cikin ruwa a bakin gaɓa, ya kira wayata ta ƙi shiga har ya gaji. Direban ko haƙuri bai ba kowa ba. Ba na yi masa mugun fata, yaro ne aka ba abin da ya fi ƙarfinsa. Haushina yana kan mai jirgin da ke zaune a tudu yana karɓar balas, wanda ya san injinsa, ya san rigunansa, ya kuma san cewa fasinjan yamma ba shi da zaɓi.

Da arba'in ta cika, za mu taho da mai jego da jariri ganin gida, kwana biyu kafin tafiyar na sa aka kai ni wurin dattijon. Na gaya masa da jariri za mu shiga. Ya yi shiru yana lissafi, ya ce kada mu zo gobe, mu zo jibi da ƙarfe bakwai, lokacin ruwa ya cika ya tsaya, iska kuma ba ta taso ba. Na tambaye shi rigar jarirai. Ya ce ba shi da ita, bai kuma san mai ita ba a tashar. Wannan gibi ne babba, har a jirgin da na yaba, ga mata masu goyo suna shiga kullum. Amma bai ɓoye mini ba.

Ranar tafiya yarinyar ta zo da ɗanta a goye, ta ɗaura zani ta ƙara da majanyi. Ya ce ta kwance shi. Ta dube ni, don a ganinta babu inda ya fi baya aminci. Ya yi mana bayani cewa rigar ruwa an yi ta ne ta juya mutum rigingine fuskarsa sama, saboda haka duk abin da ke bayansa shi zai koma ƙarƙashin ruwa. Shekara 31 ina koya wa mata riƙon jariri, wannan ban taɓa tunaninsa ba. Ta ɗaura rigarta, ta rungume shi a ƙirji, na zauna a damanta, mijinta a hagu, a bencin ƙarshe. Ya rage fasinja ɗaya a layinmu, na ce zan biya kuɗin kujerar, ya karɓa ba tare da ya ƙara ko sisi ba.

Ruwan ya kwanta kamar an shimfiɗa tabarma. Saiwoyin angala duk sun nutse, ganye ne kawai ke shafar ruwa, fararen balbelu a jere a kan rassa. Tafiyar da ya saba yi a awa ɗaya da 'yan mintuna sai da ya yi ta a awa ɗaya da rabi, wani mai sauri ya yi ta ƙorafi, bai tanka masa ba. A shingen tsaro ya ɗaga murya tun daga nesa ya ce akwai mai jariri, aka ce ita kada ta ɗaga hannu. Yaron barci ya yi tun daga Bonny, bai farka ba sai da aka kashe inji a Fatakwal. Muna hawa matakala ina waiwaye, dattijon ya riga ya tattara rigunansa a kan benci, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana jan igiyoyin, fasinjojin komawa suna tsaye a layi suna jiransa.